Ƙaddara Ba Ta Wanke Griffith Ba: Raddi Ga Masu Nema Wa Shahon Berserk Uzuri

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu kallon Berserk, tun daga Japan har Turai da Amurka, yanzu kuma ga ta a bakin samarinmu masu kallon fim ɗin a wayoyinsu: wai Griffith bai yi laifin komai ba. Wasu da wasa suke faɗin ta don su tayar wa abokin hira da hankali, kuma ba ni da ta cewa a kan masu wasa. Rigimata da waɗanda suka ɗauki maganar da gaske ce, masu gyara zama su ce maka ai ƙaddara ce ta rutsa da bawan Allah, tun kafin a haife shi aka tsara abin da zai aikata, saboda haka zarginsa zalunci ne. Wannan karatu kuskure ne, kuma kuskure mai nauyi, domin wanda ya saba wanke maci amana a cikin labari bai yi nisa da wanke shi a zahiri ba. Zan bi hujjojinsu da abin da ke cikin labarin kansa, ba da son zuciyata ba.

Ga wanda bai san aikin ba, Berserk asalinsa littafin zane ne, irin wanda Japanawa ke kira manga, na Kentaro Miura, haifaffen Chiba a 1966. Ya fara fitowa a 1989 a wata mujallar kamfanin Hakusensha, daga 1992 kuma ya koma mujallar Young Animal. Miura bai daina zana shi ba har ranar 6 ga Mayu 2021 da ya rasu yana da shekara 54, sakamakon tsagewar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, labarin bai kai ƙarshe ba. Fim ɗin da na fi jingina da shi a nan shi ne na talabijin mai kashi 25, wanda kamfanin OLM ya shirya, Naohito Takahashi ya ba da umarni, Susumu Hirasawa ya yi masa kiɗa, aka fara nuna shi da tsakar dare a tashar Nippon TV a watan Oktoba na 1997. Wannan kamfani shi ne ya fara fitar da Pokémon a shekarar, abin da ya isa ya nuna wa masu raina fim ɗin zane cewa alƙalami ɗaya yana iya rubuta tatsuniyar yara ya kuma rubuta hukuncin kisa. Berserk ba na yara ba ne ko kaɗan, akwai jini da azabtarwa da fyaɗe a cikinsa, kuma duk wanda ya miƙa wa ƙaninsa wayar da ke ɗauke da shi bai kyauta ba. An sake ba da wannan sashe na labarin a fina-finai uku tsakanin 2012 da 2013, an kuma ci gaba da shi a 2016 da 2017 da zanen kwamfuta mai taurin gaɓoɓi wanda masu kallo suka yi ta kuka da shi. Na 1997 ya fi su duka natsuwa.

Labarin na mutum uku ne. Guts an tsince shi jariri a ƙarƙashin gawar uwarsa da aka rataye, ya tashi a hannun wani sojan haya mai suna Gambino wanda bai taɓa ƙaunarsa ba, ya girma bai san komai ba sai takobi. Griffith ɗan talakawa ne mai kyan fuska da kaifin basira, wanda tun yana yaro a lungunan gari yake hango wata fada a kan tudu, ya ƙudurta sai ya mallaki ƙasa tasa ta kansa. Ya kafa Rundunar Shaho, taron sojojin haya, ya kada Guts a fito-na-fito ya mai da shi nasa. Ta ukunsu Casca ce, ƴar manoma da iyayenta suka miƙa wa wani basarake, Griffith ya jefa mata takobi ta kare kanta, tun daga ranar ta bi shi. Rundunar ta shiga yaƙin shekara ɗari da ake yi tsakanin Midland da Chuder, ta ci birnin Doldrey da aka kasa ci, Griffith ya hau matakan sarauta har ya fara hangen auren Gimbiya Charlotte. Sai Guts ya tafi neman nasa abin, bayan ya karya takobin Griffith a cikin dusar ƙanƙara. A daren nan Griffith ya haura ɗakin gimbiya, aka kama shi, sarki ya jefa shi kurkukun ƙarƙashin hasumiya, aka yi shekara guda ana gana masa azaba, aka yanke masa jijiyoyin hannu da ƙafa, aka cire masa harshe. Mutanensa suka kuɓutar da shi. Sannan rana ta yi husufi, wasu manyan shaiɗanu huɗu da labarin ke kira God Hand suka bayyana, suka ce zai zama na biyarsu in ya ba da rundunarsa hadaya. Ya ba da ita. Aljanu suka cinye mutanensa da ransu, shi kuwa ya tashi da sabuwar halitta da sabon suna, Femto.

To, hujjar farko ta masu kare shi, kuma ita ce mafi ƙarfi, ita ce muryar da ke buɗe kowane kashi na fim ɗin, wadda ke tambaya ko akwai wata doka da ta fi ƙarfin mutum mai sarrafa makomarsa, ta kuma yanke cewa mutum ba shi da iko ko da a kan nufinsa. Suna ƙarawa da jan dutsen nan mai kama da ƙwai, Behelit, wanda Griffith ke rataye da shi a wuya: shi ya tare kibiya mai dafi da aka harba masa a wurin farauta, ya ɓace a kurkuku, ya dawo hannunsa a cikin ruwa daidai lokacin da ya yanke ƙauna. Ga dodon nan Zodd da ya faɗa wa Guts tun da wuri cewa mutuwa na jiransa ranar da burin abokinsa ya rushe. Ga husufin da aka ce sau ɗaya yake zuwa a shekara 216. Suka ce wa zai tsallake irin wannan tarko?

Kafin in amsa, sai mu tsaya a kan kalma, domin a nan ne mai karatu da Hausa ya fi saurin zamewa. Kalmar da labarin ya fi dogara da ita a Japananci ita ce inga, wadda ta fito daga koyarwar Buddha, kuma ma'anarta sanadi da sakamako: wannan ya haifi wancan, wancan ya haifi na gaba. In muka fassara ta da ƙaddara kai tsaye, mun ɗora mata kayan da ba nata ba, mun kuma sauke mata nata. Ta fi kusa da abin da Bahaushe ke nufi in ya ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Kuma ko da mun bar ta a ƙaddara, mu dubi yadda muke amfani da kalmar a tsakaninmu. Wanda gobara ta cinye wa rumbu shi ake ce wa ƙaddara ce, a yi haƙuri. Wanda ya cinna wutar kuwa, in ya tsaya gaban alƙali ya ce ƙaddara ce ta sa shi, babu mai saurarensa. Malaman tauhidi sun daɗe da ba masu wannan ra'ayi suna, Jabriyya, sun kuma daɗe da yi musu raddi. Abin da masu kare Griffith suka yi shi ne sun ƙwace kalmar ta'aziyya daga hannun waɗanda aka cinye sun miƙa wa wanda ya sa aka cinye su.

Sannan wa ke wannan jawabi na buɗewa? Muryar da ke yin sa ita ce muryar Void, babban shaiɗanun nan. Wato mai shelar cewa mutum ba shi da zaɓi shi ne wanda cinikinsa bai ƙulluwa sai mutum ya yarda ba shi da zaɓi. Dillali ne yake yabon hajarsa. Wanda ya ɗauki maganar dillali a matsayin hukuncin marubuci bai koyi bambance mai magana da mai labari ba, kuma wannan shi ne darasin farko a nazarin kowane ƙagaggen labari.

Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne tsarin hadayar kansa. In da komai a rubuce yake ta yadda babu mai kaucewa, me ya sa shaiɗanun suka tsaya suna lallashi? Me ya sa Ubik ya ɓata lokaci yana nuna wa Griffith mafarkin yarintarsa, yana gudu zuwa fadar nan a kan hanyar da aka shimfiɗa da gawawwakin waɗanda suka mutu dominsa, ana ce masa in ya tsaya yanzu duk sun mutu a banza? Ba a lallashin dutsen da ke gangarowa daga tudu. Ana lallashin wanda zai iya cewa a'a ne. Sharaɗin cinikin a fili yake: sai mutum ya furta amincewa, kuma sai abin da ya bayar ya kasance abin da yake ƙauna, wanda rabuwa da shi daidai yake da yanke wani sashe na ransa. Miura bai bar wannan a zato ba. A farkon littafin, a wani sashe da fim ɗin 1997 ya tsallake, akwai wani basarake da ya taɓa ba da matarsa hadaya ya zama dodo. Da Guts ya kai shi bakin mutuwa, shaiɗanun suka sake bayyana suka ce ya ba da ƴarsa Theresia ya tsira. Mutumin nan, mugu ne mai cin naman mutane, ya dubi ƴarsa ya kasa. Aka ja shi zuwa halaka ta har abada, yarinyar ta rayu. Marubucin ya ajiye wannan tun a juzu'i na 3, shekaru kafin ya zana husufin, kamar mai aza ma'auni a gefe don ranar awo. Dodo ya ƙi. Griffith, gwarzon Midland, ya yarda.

Na san za a kawo mini babin nan na 83, inda Griffith ya nutse ya sadu da wata halitta mai kama da zuciya wadda ta ce ita ta saƙa tarihi da zuriya har aka kai ga haihuwarsa. Gaskiya ne babin ya fito a mujalla, gaskiya ne kuma Miura ya sa an cire shi daga littattafan da aka tattara. Amma ko a cikinsa, da Griffith ya tambayi abin da ake so da shi, amsar da ya samu ita ce ya yi abin da ya ga dama. Halittar kuma ta ce ƴan Adam ne suka haife ta da kwaɗayinsu na samun dalilin wahalarsu. Babin da ake kawowa don ya kare Griffith, in an karanta shi da kyau, ƙarar masu neman uzuri yake kaiwa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko wayo. Suka ce waɗannan mutane sojojin haya ne, da ƙafarsu suka zo, sun san jininsu ne tsanin da shugabansu zai taka, me ya bambanta mutuwa a Doldrey da mutuwa a husufi? Wannan ita ce ainihin hujjar Ubik, kuma abin takaici ne a ga mai kallo ya haɗiye ta yadda Griffith ya haɗiye. Bari mu fita daga labarin kaɗan mu dubi sojojin haya na gaske, waɗanda duniyar Berserk ta yi kama da tasu. A Italiya ta ƙarni na 14 da na 15 birane suna ɗaukar rundunoni haya da yarjejeniya a rubuce. John Hawkwood, mutumin Ingila, ya yi wa Pisa yaƙi, ya yi wa Milan, ya yi wa Fafaroma, ya ƙare a hidimar Florence inda ya mutu a 1394, kuma sojojinsa na cikin waɗanda suka yi kisan gillar Cesena a 1377. Francesco Sforza ma ya fi kama da Griffith: shugaban sojojin haya ne da ya auri Bianca Maria, ƴar sarkin Milan, a 1441, ya juya wa jamhuriyar da ta ɗauke shi aiki baya, ya zama sarkin birnin a 1450. Machiavelli ya yi dogon gargaɗi ga masu mulki cewa kada su dogara da irin waɗannan rundunoni, don ba su da amana ga wanda ya biya su. Saboda haka burin Griffith na hawa daga sansani zuwa gadon sarauta ta hanyar takobi da aure ba tatsuniya ba ne, an yi haka a tarihi, kuma ba a kansa nake tuhumarsa ba.

Sai dai a lura da inda rashin amanar sojan haya yake fuskanta. Waje yake fuskanta, wajen mai biya. A cikin runduna kuwa akwai alkawari ko da ba a rubuta ba: mu za mu sa wuyanmu, kai kuma ka yi iyakar dabararka mu ci nasara, a raba ganima, wanda ya rayu ya ci moriya. Sojan da ya faɗi a Doldrey ya faɗi ne shugabansa na gefensa yana son ya rayu. Wanda ya faɗi a husufi an buga masa tambari a jiki kamar dabbar da aka ware wa mahauci, ba shi da hanyar nasara, ba a tambaye shi ba, kuma wanda ya sayar da shi shi ne mutumin da ya yi kasadar ransa ya fito da shi daga kurkuku kwanaki kaɗan da suka wuce. Judeau ya mutu yana kare Casca da jikinsa. Pippin ya tsaya ya tare dodanni don wasu su samu gudu. Corkus, mai yawan surutu da hassada, ya mutu yana gaya wa kansa mafarki ne. Shekara guda suka yi ana farautarsu kamar namun daji saboda laifin da ba su san hawa ba su san sauka ba, duk da haka ba su watse ba, suna jiran ranar da za su ceto shi. Wanda ya ce wannan daidai yake da mutuwar fagen fama, to bai san bambancin kasada da yanka ba.

A nan ya kamata in yi wa abokan gardamata adalci, domin Griffith ba gunkin mugunta ba ne, kuma da haka yake da labarin bai kai a yi masa rubutu ba. Casca ta ba da labarin wani yaro da ya shiga rundunar ya mutu a yaƙi, aka tsinci ɗan sojan wasansa a kusa da shi. Bayan haka Griffith ya sayar da jikinsa ga wani attajirin basarake, Gennon, don ya samu kuɗin da zai rage yawan yaƙe-yaƙen da mutanensa za su shiga. Da safe ta same shi a kogi yana wanka, yana cewa ba ya jin alhakin kowa, alhali farcensa na yage fatar damtsensa har jini na zuba. Wannan mutum ne mai zuciya, mai jin nauyin matattu. Amma wannan bai rage masa laifi ba, ƙara masa ya yi. Wanda bai san darajar abu ba in ya yar da shi ana iya cewa jahilci ne. Griffith ya san sunayensu, ya san darajarsu, kuma dokar hadayar ma ba ta karɓar abin da mutum bai damu da shi ba.

Kuma hanyar da ta kai shi husufi da ƙafarsa ya taka ta, mataki bayan mataki. Shi ya aiki Guts ya kashe Julius, ɗan'uwan sarki, aikin da ya rutsa da ƙaramin ɗansa Adonis, kuma da labarin ya iso masa murmushi ya yi. A daren ne, a bakin maɓuɓɓugar ruwa, ya gaya wa gimbiya cewa mutanensa ba abokansa ba ne, abokinsa sai wanda yake da nasa burin, wanda ya tsaya daidai da shi. Guts na laɓe yana ji, jinin yaro bai bushe a hannunsa ba. Shi ya sa aka sace ƴar minista Foss don ya tilasta masa, ya ƙone sarauniya da maƙarrabanta a cikin gini, ya sa Guts ya kashe waɗanda suka yi masa aikin don kada a samu mai ba da shaida. Za a ce fadar Midland ramin macizai ce, su suka fara neman ransa, kuma haka ne. Amma ga abin da ba a iya kare shi a kai: da Guts ya ɗauki ma'anar abota da Griffith ya faɗa da bakinsa, ya tashi zai je ya zama irin wannan aboki, sai Griffith ya zare takobi ya ce ko ya zauna ko ya mutu. Ashe abin da ya faɗa a bakin ruwa ado ne na magana. Abin da yake so mallaka ce. Da abin mallakar ya kuɓuce, sai ya rushe aikin shekaru a dare ɗaya, ya jefa mutanensa cikin bala'i. Babu shaiɗanin da ya riƙe masa ƙafa ya haura tagar gimbiya.

Hujja ta uku ita ce azaba. Suka ce mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa, ba hannu, ba ƙafa, ba harshe, har kashe kansa ya gwada ya kasa, ba a yi masa hisabi irin na mai lafiya. Ina jin nauyin wannan, kuma da a ce labarin ya tsaya a kan furta amincewar, da na ce ga mai laifi abin tausayi. Amma bai tsaya nan ba. Abu na farko da Femto ya yi da sabon jikinsa, bayan ciwo ya tafi, iko ya zo, shi ne ya yi wa Casca fyaɗe a gaban Guts, yana kallon idonsa, Guts na danne a ƙasa ya yanke hannunsa na hagu don ya kai gare ta, aka tsiyaye masa idon dama. Hadaya ta riga ta cika. Babu sharaɗin da ya nemi wannan, babu annabcin Zodd da ya ambace shi, babu mulkin da aka gina da shi. Ramuwa ce tsagwaronta ga mutumin da ya yi ƙarfin halin tafiya, aka bi ta jikin macen da ta fi kowa yi masa biyayya. Duk mai cewa Griffith bai yi laifi ba, a nan nake so ya tsaya ya maimaita maganarsa da ƙarfi.

Wasu sukan zille su ce ai wannan Femto ne, Griffith ya riga ya mutu. Littafin bai bar musu wannan ƙofa ba. Da ya dawo duniya da tsohuwar fuskarsa, ya je tudun da Rickert ya kakkafa takubba don tunawa da matattun runduna, ya tsaya gaban Guts ya ce ya zo ne ya gwada ko wani abu zai motsa a zuciyarsa, ya tarar babu. Bai ce wani ne ya aikata ba. Ya ce shi dai ba zai ci amanar burinsa ba.

Ba zan ɓoye ba, a wannan wuri ina da ƙorafi a kan Miura kansa. Ya gina Casca kwamanda ce mai hankali da jarumta, ita ta riƙe rundunar shekarar da Griffith ke kurkuku, sannan ya zana wulaƙancinta da tsawon da ya wuce bukata, ya bar ta ba hankali ba magana sama da shekara ashirin na fitowar littafin, ta zama kayan da maza biyu ke jayayya a kai. Wannan rauni ne a aikin, kuma son da nake yi masa bai hana ni gani ba. Haka kuma ban ce Guts waliyyi ne ba. Ya kashe Adonis, kuma a shekarun da ya yi yana yawo da baƙaƙen kaya da ƙaton takobinsa ya aikata abubuwan da suka kusa mai da shi irin abin da yake farauta. Bambancinsa da Griffith shi ne jinin yaron nan bai bar shi ya yi barci ba, kuma bai taɓa cewa wata doka ce ta sa shi ba, alhali in akwai wanda ya cancanci ya fake da mugun rabo, to wanda aka haifa daga gawa ne.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda masu karatun littafin suka fi so. Suka ce a dubi sakamako: Griffith ya dawo ya kori mamayar daular Kushan, ya gina birnin Falconia, wuri ɗaya tilo da ɗan Adam ke barci lafiya a duniyar da dodanni suka cika, talaka na cin abinci, marayu na karatu, to ran ƴan runduna ɗaya bai kai wannan ba? Sai a tambaye su ta ina dodannin suka shigo. Sun shigo ne lokacin da Griffith ya yi amfani da faɗuwar sarki Ganishka ya fasa shingen da ke tsakanin duniyar mutane da ta ruhohi. Mutum ya saki kuraye a gari, sannan ya buɗe ƙofar gidansa ya ce duk mai son tsira ya shigo ya yi mubaya'a. Masu tsaron birnin kuwa su ne irin aljanun da suka ci Judeau da Pippin. Wanda ya karanta wannan ya ga mai ceto, to ya faɗa tarkon da mutanen cikin labarin suka faɗa, kuma su suna da uzurin da shi ba shi da shi, domin su ba su ga husufin ba.

An ruwaito cewa dangantakar Guts da Griffith ta samo tushe daga abotar Miura da Kouji Mori, abokinsa tun makarantar sakandare, kuma Mori ne ke kula da ci gaban labarin tun 2022 tare da mataimakan marigayin, bisa abin da Miura ya faɗa masa. Ta yiwu a ƙarshe a nuna Griffith cikin nadama, ta yiwu a'a. Amma akwai hukunci ɗaya da Miura ya zana da hannunsa kafin ya rasu. Rickert shi ne ƙaramin yaron rundunar, wanda ya tsira don ba ya wurin ranar husufi, ya daɗe bai san abin da ya faru ba, har Guts ya gaya masa. Ya isa Falconia ya ga ganuwa da kasuwanni da lambuna, ya ga mutane na kuka don murnar ganin Shaho. Aka kai shi gaban Griffith, wanda ya tambaye shi ko har yanzu yana tare da tsohon burin. Yaron nan maƙeri ne, ba shi da sihiri, ba shi da ƙarfin Guts, kuma yana tsaye ne gaban wanda kibiya da takobi ba su taɓa shi. Ya ɗaga hannu ya kwaɗa masa mari a gaban jama'a, ya gaya masa cewa shi shugabansa wani ne daban, kuma shi ne ya ƙera takubban da ke kafe a kan tudun nan, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya fita daga birnin, masu kisa na bin sawunsa.